Hayaƙin da kakan babana ya riƙe

Ƙarfe biyar saura kwata na yammacin wata Laraba aka fara ɓata sunan kakan babana a rediyo, muna zaune a tsakar gida muna ɓarar gyaɗa. Na riƙe lokacin ne saboda a daidai nan ake buɗe filin karatun littafi kowane mako, bayan sanarwar rasuwa da cigiyar awaki. Rediyon na Gwaggo ne. Ita ƙanwar kakana ce, gwaggon babana, amma duk gidan haka muke kiranta, har mu jikoki. Ta haura tamanin a lokacin, kuma ita kaɗai ta rage a danginmu cikin waɗanda suka ga mahaifinta da idonsu.

Littafin da ake karantawa wani ɗan garinmu ne ya rubuta shi da Faransanci, irin ƙagaggen labarin nan da muke kira roman a lakwal, wato makarantar boko. Yana magana a kan zamanin Nasara, lokacin da kuɗin lanho, wato haraji, da aikin tilas suka ishi mutane har suka riƙa tsallaka iyaka suna komawa ƙasar Ingilishi, wajen Daura. Mai gabatar da filin yana duban Faransancin yana juya shi da Hausa nan take, inda bai gane ba ya cike da nasa. Makonni muna saurare muna jin daɗi, har da ni. Wa zai ƙi jin sunan Matameye a cikin littafi?

Ran nan sai aka shigo da sabon mutum cikin labarin. Bahago ne, sana'arsa tufkar igiyar kaba, gidansa na bakin kududdufi a gindin wata kuka mai kogo. Ba a ba shi suna ba, kuma ba ya bukata. Daga inda muke zaune ana hangen kukar ta saman katanga, kogon yana nan, akuyoyinmu suna shiga ciki idan rana ta yi zafi. A cikin littafin, duk gidan da mutanensa suka kama hanyar gudu, sai bahagon nan ya lallaɓa ya shiga ya kunna ɗanyen kara. Hayaƙi ya tashi, gardi, dogaran Nasara, su hango daga bariki, su gane an gudu, su bi sawu su kamo mutane kafin su kai iyaka. Ladansa tsohuwar hular soja da ƴan ƙwayoyin sukari. Mai karatun har da canja murya, yana yi wa bahagon magana ta hanci don a yi dariya.

Hannun Gwaggo ya tsaya a cikin ƙwaryar gyaɗa.

"Ke, ƴar boko, ƙara murya."

Na ƙara.

"Wane ne wannan da ake faɗi?"

Na ce, "Labari ne kawai, Gwaggo. Ƙirƙira ce."

"Ƙirƙira da kukarmu a ciki?"

Innata ta tashi ta shiga madafa alhali babu abin da ke kan wuta.

Ga abin da muka taso muna ji a gidanmu, tun kafin wani ya sa shi a takarda. A wancan zamanin, idan gida ya watse gaba ɗaya, gonarsa ta tashi daga hannun masu ita, sai a ba wani. Alamar gida mai rai kuwa hayaƙi ce, safe da yamma. Don haka idan ƴanuwa za su gudu, sukan bar mutum guda ya zauna, a ce da shi mai riƙon hayaƙi. Shi zai riƙa hura wuta a murhun da babu tukunya, ya share ƙofar gida, ya ɗaure akuya a turke, don mai wucewa ya ce akwai mutane. Idan gardi suka zo ƙidaya, ya ce masu gidan suna gonar daji, ko sun tafi cin kasuwa. Kakan babana shi aka bari, don shi ne ƙarami kuma iyalinsa ba su da yawa. Bai tsaya ga gidan ƴanuwansa ba, ya haɗa da gidaje biyu na maƙwabta da suka roƙe shi. Duk sunan da aka kira don aikin hanya aka rasa mai shi, shi ake tasa ƙeya a madadinsa. Gwaggo ta ce tana yarinya takan ga bayansa idan ya tuɓe riga zai yi tufka, duk tabon bulala. Da abubuwa suka lafa, masu gudu suka dawo suka tarar da gonakinsu. Jikokinsu suna noma su har yau, wasu ma sun dasa rake a fadamar.

Wannan hayaƙin ne marubucin ya ɗauka. Bai canja karan ba, bai canja murhun ba, bai canja hannun hagun ba. Dalilin kawai ya juya. Kuma na san inda ya samo shi, don Gwaggo ta faɗa mini a yammacin nan: shekarun baya ya zo gidanmu da gilashinsa da wata ƴar na'urar ɗaukar murya, ya zauna a tabarmarta, ya sha furarta, yana ta "Allah sarki, Gwaggo, sai me ya faru?" Ita kuwa ta yi ta zuba, tana murna wai yau an sami mai tambayar labarin babanta.

Marubucin tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya ƙare aikinsa a Yamai. Yakan zo gari da babbar Sallah, ya yi kwana huɗu yana tafiya a hankali kamar ƙasar garin za ta ɓata masa takalmi, yana yafe da wani siririn mayafi a wuya ko ana zafin bazara. Idan ya gaisa da mutum yakan riƙe hannunsa ya daɗe, yana kallon bayansa ko akwai wanda ya fi shi muhimmanci. Tun da littafin ya fito ake kiransa ɗan ƙasa na gari, mai raya tarihi.

Ni kuwa a lokacin ina aji na biyu a lise, wato babbar sakandare, ba ni da ƙawaye da yawa, ba na ɗaga hannu a aji ko na san amsa. Abin da na iya shi ne karatu. Littafi guda ɗaya tak aka kawo makarantarmu, darakta, shugaban makarantar, ya ajiye shi a ofishinsa a kan teburi, yadda duk baƙon da ya shigo zai gani. Sai da na yi ta kai da komowa a bakin ƙofar kafin na iya buɗe baki na roƙa. Ya ba ni yana gargaɗina kada na ɓata bangon. Da na buɗe, na tarar wasu shafukan ma ba a raba su ba, suna manne tun daga wajen bugu. Shi da yake yabon littafin a taron ɗalibai bai wuce babi na biyu ba.

Na karanta shi a hankali, na koma na sake. Ina son roman, har yau ina so. Na san marubuci yana da damar ya sa magana a bakin matattu, ya haɗa mutum uku ya yi mutum ɗaya, ya matso da shekarar yunwa kusa da shekarar yaƙi idan hakan zai sa mai karatu ya ji abin a jikinsa. Na karanta littattafan da suka yi haka, na fito daga cikinsu na fi fahimtar zamanin da suke magana a kai fiye da abin da muke haddacewa don jarrabawa. Wannan ba irinsu ba ne. Manoman cikinsa suna magana kamar wakilai a zauren taro, kowa da ƴanci da ƙasa da makoma a bakinsa, babu mai ambaton gero ko ciwon ciki. Matan cikinsa aikinsu kuka da guɗa. Jarumin labarin kuwa dogo ne, mai faɗin ƙirji, mai wushirya, gidansa na bayan tsohuwar kasuwar gyaɗa, kuma duk wanda ya san marubucin ya san wushiryar gidansu da inda gidan yake. Shi ne ya tsaya a kan iyaka ya ɗaga hannu ya yi jawabin shafi biyu, mutane da jakuna da jarirai suna tsaye suna jiransa ya gama, gardi kuma a baya. Na yi ta tunanin jakunan nan. Duk wanda ya gudu a littafin gwarzo ne, duk wanda ya zauna abin zargi ne, kamar gonaki da rijiyoyi da tsofaffin da ba su iya tafiya su suka tsare kansu.

Da littafin ya tsaya a Faransancinsa, da ya mutu a kan teburin darakta. Rediyo ne ya ba shi ƙafa. Cikin mako biyu yara suka fara tsayawa a gindin kukarmu suna tari na ƙarya suna kaɗa hannu a gaban hanci. A bakin famfo wata maƙwabciyarmu, wadda mijinta yake noman ɗaya daga cikin gonakin da aka riƙe wa hayaƙi, ta dube ni ta ce wa ta kusa da ita, "Matsa ki ba ta ta ɗiba, kada a kira mana gardi." Aka kwashe da dariya. Na cika jarkata na tafi, ruwan yana zuba mini a zane.

Abin da ya fi ba ni mamaki majalisar tsofaffi ce ta ƙofar masallacin unguwa. Ina wucewa ta wurin kullum idan zan tafi lakwal, in durƙusa in gaishe su. Mutanen nan mafi yawansu ba a haife su ba lokacin da abin ya faru, saura kuwa suna goye. Amma sai na ji wani Alhaji mai sayar da taki yana cewa, "Ai hular nan ta soja na gan ta da idona, ja ce, yakan sa ta ran Juma'a." Wani ya ce, "Babana ya sha faɗa mini, da ka ga hayaƙi daga bakin kududdufi to a shiga daji." Babansa bai taɓa faɗa masa ba. Da ya faɗa, da mun ji shi shekaru da shekaru kafin wannan Larabar, don mutumin nan ba ya iya riƙe magana daga azahar zuwa la'asar. A littafin ma hular ba ja ba ce, mai rediyo ne ya yi mata launi. Haka na ga tarihi yana tsirowa a bakin mutane kamar ciyawar farkon damina, kowa yana ba da shaida a kan abin da ya ji ranar Laraba.

Babana yana Kano cin rani, yana aikin ɗinki. Na kira shi a waya na faɗa masa. Na ji ƙarar keke ta tsaya.

Ya ce, "Uwata, wa kike so in kama? Rediyo?"

"Baba, Gwaggo ba ta cin abinci sosai."

"Ki lallashe ta. Mutumin nan babba ne, ya san manya. Ke dai ki riƙe karatunki, magana ce, za ta wuce."

Keke ya ci gaba da ƙara tun kafin ya kashe wayar.

Sai na nufi mushen Faransanci, wato malamin da ke koya mana harshen, wanda nake ganin girmansa don shi ya fara ba ni aron littattafai. Na same shi bayan an tashi, yana kakkaɓe alli daga hannunsa. Na yi masa bayani, idona a ƙasa. Ya yi murmushi irin na wanda aka kawo wa tambayar da yake da amsarta a aljihu. Ya ce roman ba tarihi ba ne, marubuci yana da ƴanci, kuma abin kunya ne ɗaliba kamata ta kasa bambanta mutumin takarda da mutumin gaske. Na yi godiya na fita. Ba a yi kwana goma ba, mushen tarihi ya shigo ajinmu da littafin a hannu, ya karanta mana babin hayaƙi a matsayin misalin yadda Nasara suka sami ƴan kore a cikin talakawa. Ya ce mu rubuta a kaye, littafinmu na rubutu. Ɗalibai suna rubutu suna waiwayena. Nan na gane yadda abin yake: idan ka yi kuka a ce maka ƙirƙira ce, idan za a yi yabo a ce tarihi ne. Ƙofa biyu gare shi, duk wadda ka tsaya a bakinta sai ya fita ta ɗayar.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya faru a ɗakin Gwaggo. Kowace Juma'a takan soya waina ta raba wa yaran unguwa sadaka, ladan ya kai kabarin mahaifinta. Wata Juma'a na tarar ta jiƙa shinkafar amma ba ta kai niƙa ba. Tana zaune bakin gado, carbi a hannu, ba ta ja.

Ta ce, "Zo nan, uwar littattafai. Zauna."

Na zauna a ƙasa.

"Ni fa yarinya ce a lokacin. Tabon na gani da idona. Amma hayaƙin, Innarmu ce ta ba ni labari. Uwa kuwa ba za ta ce wa ƴarta ubanki ya sayar da mutane ba." Ta dube ni. "Mutumin nan ya yi karatu har ƙasar Nasara. An ce akwai ɗakunan da suke ajiye takardun zamanin. Ko dai ya ga wani abu a can? Ko wani tsoho ya faɗa masa abin da aka ɓoye mini?"

Na ce, "Gwaggo, ƙarya yake yi."

"Kin gani a takarda cewa ƙarya ne?"

"A'a."

"To ke ma ji kike, kamar ni." Ta ɗaga carbin ta nuna ni da shi. "Ba na son a rama mini, ba na son a ba ni haƙuri. Ki tambayo mini abu ɗaya: wa ya faɗa masa? Idan akwai wanda ya faɗa, in sani kafin in je in tarar da Baba. Ba na so in gaishe shi da fuska biyu."

Shekara tamanin tana ɗauke da mahaifinta cikin alfahari, wani mai mayafi a wuya ya zo ya sha furarta ya sa mata kokwanto. Ran nan ne raini na gaske ya shiga zuciyata, kuma bai fita ba.

Na fara da waɗanda za su iya sani. Akwai wani tsoho a Dawce, sa'an Gwaggo, ɗan ɗaya daga cikin gidajen da aka riƙe wa hayaƙi. A can ƙasar Ingilishi aka haife shi, aka dawo da shi yana tatata. Ranar da ba lakwal na hau kabu-kabu tare da innata muka je, da ƙullin goro. Ya karɓe mu da fara'a, ya tambayi Gwaggo, ya ce ai tare suka yi wasan ƙasa. Da na kawo maganar, sai ya gyara zama ya ba ni labarin rediyo daga farko har ƙarshe, da hular, da sukarin, har da maganar hanci.

Na ce, "Baba, wannan daga bakin mahaifinka ka ji?"

Ya ce, "Mahaifina cewa ya yi bahago ya riƙe mana gida. Amma kin san mutanen da, ba su da ilimi, ba su san abin da ake ƙullawa ba. Yanzu ga shi masu bincike sun tono."

"Gonar da kuke nomawa fa?"

"Gonarmu ce, Allah ya tsare mana."

Ya ɓare goro ya jefa a baki. Da muka dawo muka shigo gari, innata ta ce, "Asarar goro."

Mushen tarihi kuwa da na tambaye shi ko akwai takardar da ta ambaci wannan abu, ya ce wataƙila a Damagaram, wataƙila a Yamai, wataƙila a Faransa, amma tun da babban mutum ya rubuta ai ba zai rubuta haka kawai ba. Ya faɗi haka yana duba wayarsa.

Sai ga sanarwa wai marubucin zai zo gari a karrama shi. Aka share gidan matasa, aka jera kujerun roba, aka kawo lasifikar da ke ƙara kamar ana yanka ta. An ce ƴan lise su zo da tufafin makaranta su cika bayan zaure. Manyan gari suka yi jawabi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa littafin ya hana shi barci, ni kuwa ina kallonsu ina tuna shafukan da ke manne. Marubucin ya tashi ya yi magana da Faransanci mai tsawo a kan wajibin tunawa da bashin da ke kanmu ga magabata. Yana faɗin kalma yana tsayawa, ya ba ta lokaci ta sauka a kanmu.

Da aka ce akwai mai tambaya, ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Ni da ban taɓa ɗaga shi a aji ba. Aka miƙo mini abin magana, ya yi nauyi, muryata ta fito ƴar ƙarama. Na tambaye shi da Faransanci, kamar yadda aka umarce mu, daga wace majiya ya samo labarin mai hayaƙi.

Ya cire gilashi ya goge da bakin mayafinsa. Ya ce tambaya ce mai kyau, ya ji daɗi ƴanmata sun fara tunani. Sannan ya ce marubuci ba magatakardan kotu ba ne, majiyarsa ita ce ruhin al'umma, kuma akwai gaskiyar da ta fi gaskiyar abin da ya faru zurfi. Zauren ya ɗauki tafi. Mushen Faransanci yana tafi yana girgiza kai kamar an ba shi zuma. Wani ya karɓe abin maganar daga hannuna tun ban zauna ba. Wata ƴar ajinmu ta raɗa mini, "Ƴar gidan hayaƙi, kin sha."

Na koma gida na faɗa wa Gwaggo abin da ya ce, na juya mata da Hausa iyakar iyawata.

Ta ce, "Ruhin wa?"

"Na al'umma."

"Shi wannan a wace unguwa yake?" Ta tsuke baki. "Kin tambaye shi a gaban mutane da yaren Nasara, dole ya ba ki amsar Nasara. Gobe ki je gidansu da safe, kafin ya sa gilashin. Ki tafi masa da fura, kada a ce gidanmu ba a san gaisuwa ba. Ki ce ni na aiko ki."

Ita ta dama furar da hannunta, ta sa nono mai kyau, ta rufe ƙwaryar da faifai. Na ɗauka ina jin haushin kowane taku.

Na same shi da hantsi a zauren gidansu na bayan tsohuwar kasuwar gyaɗa, zaune a kan tabarma da ƴar shara da silifa, yana yanke farce. Ba mayafi, ba gilashi. Tsoho ne kawai mai tumbi da furfura a kunne. Na yi sallama, na durƙusa, na ajiye ƙwaryar.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, ƴata. Daga ina?"

"Daga bakin kududdufi. Gwaggo ce ta ce a gaishe ka."

Ya ɗago ya dube ni da kyau. "Af, ke ce ta jiya mai tambaya! Ashe jikar tsohuwa ce. Tana nan da ranta? Kai, madalla. Tsohuwar nan akwai baki, rabin littafin nan ai nata ne." Ya buɗe faifan, ya leƙa, ya ɗaga ƙwaryar ya kurɓa. "Furarta ba ta canja ba."

Na jira ya ajiye. Na riga na shirya kalmomin tun a hanya, na jera su yadda ba zai sami ƙofar fita ba.

Na ce, "Baba, ba ƙara na kawo ba, ba kuma neman a gyara littafi ba. Gwaggo ta tsufa, ta fara zargin mahaifinta. Ta ce in tambaye ka abu ɗaya. Cewa ya kunna hayaƙin don ya kira gardi, wa ya faɗa maka? Mutum ne, ko takarda ka gani? Idan akwai, ka faɗa mini sunan, ba zai wuce kunnenta ba."

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda babba yake yi wa yaron da ya tambayi inda rana take kwana. Ya goge nonon da ya taɓa masa gemu da bayan hannu, ya sake ɗaukar abin yanke farcensa.

Ya ce, "Ba wanda ya faɗa mini, ƴata. Ba takarda, ba mutum. Tsohuwa ta ba ni hayaƙi, na ga ya yi kyau ƙwarai, ba zan bar shi ya tafi a banza ba. Labari kuma ba ya tafiya sai da maci amana, kuma dole ya zama ɗan gari, don Nasara kowa ya riga ya tsane shi. To na duba gidajen garin nan. Wancan na sarauta ne, wancan surukaina ne, wancan suna da ɗa lauya a Yamai. Rediyo kuwa ba ni na kai musu ba, su suka ɗauka. Ni da Faransanci na rubuta, kuma wallahi ban zaci a gidan masu tufkar igiya akwai wanda zai karanta ba."